Wane faifai ya dace da jar ƙasar Kaduna? Muhawara a zauren masu na'urar gano ƙarfe

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema kafin kuɗi su fita. Na'urar Equinox 800 ce ta kamfanin Minelab, da faifanta na asali mai inci 11, wato zagayen nan na ƙarshen sanda da ake kaɗawa a kan ƙasa. A jigawa da yashin bakin kogi lafiya lau take aiki, amma da an hau jar ƙasa mai tsakuwa sai ta kama surutu, lambobin da take nuna irin ƙarfe da su na tsalle, duk inda aka kaɗa kamar da ƙarfe a wurin. Mai shago ya ce babban faifai mai inci 15 da 12 ne maganinta, wai shi zai ratsa jar ƙasar ya jiyo abin da ke ƙarƙashi. Haka ne?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna, ƙanena. Babban faifai a irin wannan ƙasa ƙara maka surutun zai yi.

Ga dalili. Jan da kake gani a ƙasar nan tsatsar ƙarfe ce da ke cikinta, kuma wani kaso na wannan ƙarfen irin wanda mayen ƙarfe ke ja ne. Faifai yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, sannan ya saurari abin da ya dawo. To ƙasar da kanta tana amsawa, kuma amsarta ta ninka ta ɗan guntun zinare sau da yawa. Aikin daidaita ƙasa shi ne na'ura ta cire wannan amsar ta bar ta ƙarfen da ake nema. Idan ka faɗaɗa faifai, ƙasar da yake saurare a lokaci guda ta ƙaru ƙwarai, shi kuwa guntun zinaren yana nan yadda yake. Ka ga an ƙara wa hayaniya ƙarfi, an rage wa abin nema. Dole ka sauke ƙarfin jin na'urar don ta yi shiru, zurfin da ka biya kuɗi dominsa kuma a nan yake tafiya.

A jar ƙasa mai tsakuwa ƙarami ake komawa. Ga Equinox akwai mai inci 6, akwai kuma mai inci 10 da 5 na kamfanin Coiltek. Dukkansu DD ne.

Ɗan Zariya: Malam, a nan kam ina da ja. Ai sananne ne babban faifai ya fi zurfi. Abu mai girman kwabo, a ƙasa mai sauƙi, zurfin da ake jiyo shi yana kusa da faɗin faifan. Mai inci 6 ba zai taɓa jiyo abin da mai inci 15 zai jiyo ba. In yaron nan babban abu yake nema fa?

Malam Injiniya: Kai ma ai ka faɗa da bakinka, a ƙasa mai sauƙi. A can maganarka daidai ce, amma ko a can ninka faɗi ba ya ninka zurfi. Daga inci 11 zuwa 15, a kan kwabo, 'yan santimita ne ake ƙaruwa da su. Inda babban faifai ke nuna kansa shi ne a kan babban abu, kamar tukunyar ƙarfe ko bututun ruwa, da kuma saurin cinye fili. Ƙaramin abu kuwa, wanda bai kai rabin giram ba, babban faifai kan wuce ta kansa ko motsi bai yi ba.

Malama Mai Ilimin Duwatsu: Bari in sa baki, domin ana ta cewa "ƙasar Kaduna" kamar iri ɗaya ce. Galibin jihar nan tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena da Kajuru. Inda wannan dutsen ya ruɓe ya zama farin yashi mai tsakuwa, ƙasar ba ta da zafi sosai ga na'ura, wato ba ta cika sa ta surutu ba. Amma a kan tuddai da yawa akwai marmara, wani wurin a fili, wani wurin taki ɗaya ko biyu a ƙarƙashi, tare da burjin nan mai launin hanta da ake zubawa a hanya. Wannan shi ne mai wahalar. Wahalarsa kuma ba yawan ƙarfen kaɗai ba ne, sauyawa ce: taku uku a nan daban, taku uku a can daban, na'ura ba ta gama daidaituwa ba an shiga wata.

Yankin Birnin Gwari da Kushaka kuwa duwatsu ne masu ɓarewa falle-falle, kuma zinaren wurin yana tare da jijiyoyin farin dutse da suka ratsa su, sai wanda ruwa ya wanko zuwa ƙoramu. A can za ka haɗu da jar laka, da baƙaƙen duwatsu masu nauyi da ke sa na'ura ihu. A kudu, wajen Kafanchan da Gidan Waya, akwai baƙin dutsen aman wuta, ƙasar da ta fito daga gare shi ja ce wur kuma tana da zafi ƙwarai. Wajen Gujeni a Kagarko kuwa tama ce da kanta. Sai fadamun kogin Kaduna da rassansa, baƙar laka mai riƙe ruwa, matsalarta daban ce gaba ɗaya.

Kafin a sayi kowane faifai a yi wannan gwajin. A sami mayen ƙarfe mai ƙarfi, ko na tsohuwar lasifika, a sa shi a leda, a ja shi cikin busasshiyar ƙasar wurin na tsawon taku biyu. In ya fito da ɗan baƙin gari kaɗan, ƙasar mai sauƙi ce. In ya fito da gashi baƙi ƙirin, har ƙananan tsakuwa na manne, to an san inda aka dosa: DD, kuma kada ya wuce matsakaici.

Ɗan Rigasa: Allah ya saka da alheri, Malama. To me ya bambanta DD ɗin nan da sauran? Ni dai duk zagaye nake ganinsu.

Baba Mai Gyara na Panteka: Ɗana, bambancin yana ciki. Iri uku ne za ka fi haɗuwa da su.

Mai zobe biyu, zoben waya babba a waje yana aikawa, ƙarami a tsakiya yana karɓa. Jinsa yana sauka kamar mazurari, da faɗi a sama, yana tsukewa har ya zama ɗan ɗigo a can ƙasa. Shi ya sa wajen nuna ainihin inda abu yake babu kamarsa, tsakiyar faifai ce kawai. Ya kuma fi iya gane marfin kwalbar lemo ya ƙi shi. Amma da yake bakinsa na sama mai faɗi ne, ƙasa da yawa yake haɗiya, jar ƙasa na wahalar da shi. Kuma kowace kaɗawa sai ta hau rabin ta baya, in ba haka ba abin da ke da zurfi zai faɗa tsakanin kaɗawa biyu.

DD waya biyu ce masu siffar harafin D, sun juya wa juna baya, sun hau kan juna kaɗan a tsakiya. Wannan siririn layin da suka haɗu, daga goshin faifai zuwa ƙeyarsa, shi ne wurin ji. Ƙasar da yake saurare a lokaci guda kaɗan ce, don haka ya fi haƙuri da marmara, kuma yana raba abubuwa biyu da ke kusa da juna. Aibinsa, marfin kwalba da faffaɗan gwangwani mai tsatsa suna yaudararsa su yi sautin abin kirki. Wajen nuna wuri kuma sai ka kaɗa, ka juya ka tsaya ta gefe ka sake kaɗawa, inda layukan biyu suka gicciye nan ne.

Mono waya ɗaya ce, ita ke aikawa ita ke karɓa, kuma sai a na'urorin PI masu aika bugu su saurara, irin su GPX da SDC 2300. Ba ya aiki a Equinox ko Gold Monster, kada wani ya sayar maka.

Ɗan Zariya: To ai ga na'urar Gold Bug 2, Baba. Faifanta mai zobe biyu ne, kilohaz 71 (ma'aunin saurin siginar da take aikawa), kuma masu neman zinare sun daɗe suna yabonta. In mai zobe biyu ba ya son ƙasar zinare, ya aka yi ta yi suna?

Baba Mai Gyara na Panteka: Ta yi suna ne a kan ƙananan ƙwayoyi da ke kusa da sama, da duba tulin farin dutsen da aka fasa aka zubar a bakin rami. A wannan aikin, da ƙaramin faifanta mai inci 6 da rabi, har yau da wuya a kayar da ita. Kai ta kan burji ka ji. Shi ya sa aka yi mata makunni mai matakai uku na zafin ƙasa, kuma da ka kai shi matakin sama jinta ya ragu. Yawan kilohaz yana ƙara jin ƙaramin zinare, yana kuma ƙara jin ƙasa, tare suke tafiya. Gold Monster 1000 kilohaz 45 ce, faifanta biyu duka DD, mai inci 10 da 6 da kuma zagayayye mai inci 5. Ko ita a marmara ƙaramin ne ya fi natsuwa.

Kawu na Kafanchan: Gaisuwa ga manyan zaure. Tun da an taɓo PI, bari a yi maganar da ta fi raba kan mutane: mono ko DD a GPX 4500 da 5000.

Tsohuwar koyarwa ita ce ƙasa mai zafi sai DD. A zamanin na'urorin SD da GP, waɗanda suka riga GPX fitowa, haka ne. Amma a 4500 an zo da saitin Enhance, a 5000 da ta fito a 2010 aka ƙara Fine Gold, kuma an yi su ne musamman don mono ya yi aiki shiru a ƙasa mai ƙarfe. Saboda haka a jar ƙasarmu mono mai inci 11 a ɗayan waɗannan saitin shi ne mafari. Ya fi DD mai girmansa zurfi, ya fi shi jin ƙanana, gefensa kuma yana ji sosai, kana iya cusa bakinsa ƙarƙashin dutse ko cikin rami. In wurin an riga an tsince na sama, ƙasar kuma mai kauri ce, sai a ɗaura mai inci 15 da 12 ko 18 a tafi a hankali.

DD yana da wurare uku da ba a yi masa gardama. Na farko inda ƙusoshi da guntayen diga suka yi yawa, irin tsofaffin wuraren haƙa, domin tace baƙin ƙarfe a GPX ba ya aiki da mono sam, sai da DD. Na biyu kusa da wayar lantarki. Na uku ƙasa mai gishiri ko jiƙaƙƙiyar laka.

A kula da makunnin nan na gaban na'urar GPX mai Double D, Mono da Cancel. Faifan mono in aka sa shi a Cancel, na'ura za ta yi tsit, mutum ya ɗauka ya sami saiti mai kyau, alhali kusan ba ta jin komai. Yini guda zai iya tafiya a haka. Cancel na faifan DD ne, kuma ko da shi ana rasa zurfi. Faifan DD in aka sa shi a Mono yana ƙara jin ƙanana, sai dai wurin da yake nunawa yana komawa ɓangaren hagu na faifan, a riƙa tunawa lokacin tono.

Malam Injiniya: Kawu ya yi bayani. Abu ɗaya zan ƙara a kan faya-fayan da ake shimfiɗa wayarsu a kwance, irin Evolution na Nugget Finder da Elite na Coiltek. Jinsu ya fi na masu dunƙulalliyar waya, ba shakka. Amma a kan burji mai jan maye, in aka goga su da ƙasa sukan cika su yi wani dogon kuka. Maganinsa a ɗaga faifai kamar kaurin yatsa ɗaya ko biyu, a sake daidaita ƙasa a wannan tsayin, a riƙe shi haka. In wurin duk haka yake, tsohon faifan Commander na asali da ke zuwa da na'urar ya fi zaman lafiya.

Masu GPX 6000 kuma, faifanta mono ne mai inci 11 da mai 17, sai DD mai inci 14. Shi DD ɗin an yi shi ne don kashe hayaniyar lantarki da ta gishiri, ba don ƙarin zurfi ba. Faya-fayan 4500 da 5000 ba sa shiga 6000.

Ɗan Rigasa: Kawu, maganar wayar lantarki ta taɓa ni. Akwai filin da nake da izinin dubawa ta wajen Mando, ko faifan na sama ban kai shi ƙasa ba tana ta ƙara.

Kawu na Kafanchan: To wannan ba ƙasa ba ce. Ka riƙe wannan gwajin: ɗaga faifai daidai ƙugu ka tsaya cik. In surutun ya ci gaba, daga iska yake. In ya tsaya, sai ka kaɗa a ƙasa ya dawo, ƙasa ce. In kuma sai faifan ya bugi kara ko dutse yake yi, faifan ne ko wayarsa.

Mando kuwa ai nan babbar tashar lantarki take, manyan layuka masu kilobolt 330 suna shigowa, har da wanda ya taso daga Shiroro. Faifai eriya ne, babba ya fi kwaso hayaniyar. Ka sa ƙarami, ka yi Noise Cancel, wato saitin kauce wa hayaniyar lantarki, faifan na sama ba ya motsi, ka kashe wayar hannunka ko ka mai da ita aljihun baya. In bai isa ba, fita daga Multi, saitin da ke haɗa kilohaz da yawa a lokaci guda, ka gwada kilohaz ɗaya ɗaya, sau da yawa 20 ko 40 sun fi shiru kusa da waya, 5 ce ta fi shan wahala. Ka kuma riƙe faifan a kwance, da ka karkata shi tsaye hayaniyar ta ƙaru. Janareto da famfon sola na masu lambu su ma suna yi.

Malama Mai Ilimin Duwatsu: A dawo kan fadama, don an ambace ta an wuce. A can ba ƙarfen maye ne matsalar ba, ruwa ne da gishirin da ya narke a ciki, har da na takin zamani da masu noman rani ke zubawa shekara da shekaru. Jiƙaƙƙiyar laka tana ɗaukar lantarki, sai faifai ya ji ta kamar wani ƙaton ƙarfe marar ƙarfi da aka shimfiɗa. Alamarta dogon nishi ne a ƙarshen kowace kaɗawa, da kuma lokacin ɗaga faifai. Yawan kilohaz da girman faifai duk suna ƙara shi.

Na'ura mai kilohaz ɗaya ba ta iya cire amsar ƙarfen ƙasa da ta gishiri a lokaci guda, sai dai ɗaya. Mai haɗa da yawa tana iyawa, a Equinox saitin Beach ke yin wannan. Amma a sani, amsar gishiri da amsar ɗan ƙaramin zinare kusan ɗaya suke, duk saitin da ya kashe gishiri ya tafi da ƙananan ƙwayoyi da siririyar sarƙa. Shi ya sa mai neman ƙanana ya fi dacewa ya jira ƙasa ta bushe. Daga Disamba zuwa Maris wurin da ya gagara a Agusta yakan yi laushi. Jar laka ma haka take, bayan ruwan sama ta fi surutu, musamman in sama ta bushe ƙasa na da danshi.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ƙuna. Inda aka ƙona daji ko aka tara karmami aka cinna wuta, ko gindin itacen da ya ci wuta har saiwa, zafin yana mai da tsatsar ƙasa ta koma irin wadda maye ke ja. Sai ka ji sauti mai faɗi, ka tona, yana raguwa yana watsewa cikin tulin ƙasar, babu komai. Gawayi da tsohon wurin gasa bulo su ma haka. Sautin ƙarfe na gaske ƙaruwa yake yana tsukewa yayin da ake kusantarsa. Kankare santimita uku na sama ka sake kaɗawa, nan take za ka bambance.

Ɗan Zariya: Na karɓi maganar jar ƙasa. Amma kada a sa mutane su watsar da babban faifai da mai zobe biyu baki ɗaya. Yashin rani na kogin Kaduna, da jigawar arewacin jihar ta wajen Makarfi da Ikara inda ƙasar ke da haske, nan babba ke cin kasuwarsa. Wanda aka kira ya nemo zoben da ya faɗi a fili mai faɗi, ko bututun da aka binne, da mai inci 6 zai kwana bai gama ba. A yashin kogi dai a lura da baƙin layin nan da ruwa ke tarawa a lungu, in an zo kansa a rage gudu a sake daidaitawa.

Cikin gari kuma, tsakar gida ko filin makaranta a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, ƙasar cike take da ƙusa, marfin kwalba da guntun langa-langa. Babban faifai yana hawa kan abu uku a lokaci guda, baƙin ƙarfen ya rufe na kirkin. A nan ƙarami ne, kuma in na'urar na karɓar mai zobe biyu, shi ne ya fi tace marafen. Wajen Zariya akwai ƙarin wata matsala, kashin maƙera na tsofaffin wuraren narka tama, yana ko'ina a wasu gonaki kuma yana yin sauti mai kyau.

Malam Injiniya: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai masu na'urorin Garrett ACE irin su 250 su san cewa daidaita ƙasarsu a kulle yake daga kamfani. ACE 250 da faifanta mai zobe biyu a jigawa ba laifi. A marmara, sa mata DD zai rage surutu kaɗan, amma ba zai mai da ita na'urar zinare ba. Gara a tara kuɗin a sayi mai daidaitawa.

Ɗan Rigasa, kafin ma ka sayi ƙaramin, gwada wannan da mai inci 11 ɗinka. Nemi wurin da babu ƙarfe. Shiga saitin neman zinare na Gold 1. Yi Noise Cancel. Shiga daidaita ƙasa, ka riƙa ɗaga faifai kana saukewa a miƙe, daga kamar santimita 15 zuwa dab da ƙasa ba tare da ya taɓa ba, har sautin hawa da na sauka su daidaita. Bar bin ƙasa na kai tsaye a kunne tun da ƙasar na sauyawa, amma kada ka yi ta maimaita kaɗawa a kan ƙaramin sauti, na'urar za ta ɗauke shi ƙasa ta share shi. Ƙarfin ji yana kaiwa 25, fara daga 15 kana hawa ɗaya ɗaya, inda surutu ya fara ka koma baya ɗaya. Kowace kaɗawa daga gefe zuwa gefe ta ɗauki kamar daƙiƙa uku, kuma kada faifan ya tashi sama a ƙarshenta, wannan tashin shi ke kawo yawancin sautin ƙarya.

Baba Mai Gyara na Panteka: Kuma gwajin iska da ake yi a shago, a kaɗa zobe a gaban faifai, ba ya gaya maka komai game da ƙasarka. A iska babba ne kullum zai yi nasara. Gwajin gaskiya a wurin aikin ake yi. Sami dalma, don amsarta na kusa da ta ɗanyen zinare, a yanka a auna a sikelin masu zinare: ɗaya kashi uku cikin goma na giram, ɗaya giram guda, ɗaya giram biyar. Manna kowanne a jikin siririn katako. Tona rami mai miƙaƙƙen bango, ka soka katakon ta gefe cikin ƙasar da ba a taɓa ba, a zurfin santimita 5, 10, 15, 20, ka kaɗa ta sama. In ka tona ka binne ka mayar da ƙasa, ka riga ka dagula ta, sakamakon ba zai zama daidai ba. Kowane faifai a sake masa daidaita ƙasa da ƙarfin ji nasa kafin a kwatanta. Mai neman tsofaffin kuɗi ya gwada da kwabo mai huji na 1959 ko sulen 1973. Kada ya yi da tsabar 2007, akwai baƙin ƙarfe a jikinsu, lambarsu ba ta tsayawa.

Sannan faifai da yawa da ake cewa sun lalace, ƙura ce. Cire takalmin roban da ke ƙarƙashinsa ka gani, baƙin gari ne ke taruwa a ciki, yana motsi duk lokacin da ka kaɗa, na'ura na jin sa. A wanke, a shanya, a mayar, lokacin hunturu ko da sau ɗaya a mako. Waya kuma ta fara hawa ta saman sanda, a bar mata ɗan sako-sako a gindi yadda faifai zai lanƙwasa ba tare da ya ja ta ba, sauran a naɗe tam a ɗaure. Wayar da ke lilo tana ba da sauti, domin ita ma tagulla ce. Notin faifai na roba ne da gangan, kada a musanya shi da na ƙarfe. Robobin nan biyu da ke tsakanin sanda da kunnuwan faifai in sun cinye a sake su, don in babu su mutum zai yi ta ɗaure noti har kunne ya tsage. Kada a bar faifai cikin mota a rana ta Maris, kuma a kashe na'ura kafin a cire ko a sa shi.

In faifai na ihu da ya taɓa jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko in an ƙwanƙwasa shi da yatsa, bayan an tabbatar takalmi da waya lafiya, to rigar kariyar da ke cikinsa ce ta yanke ko wayar ciki ta saki. A DD wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata, don an daidaita wayoyin biyu ne daidai wa daida kafin a zuba musu gam.

Kawu na Kafanchan: A ƙara da jabu, Baba. Na'urorin zinare na Minelab an daɗe ana kwaikwayonsu ana shigowa da su kasuwannin Afirka, har da faya-fayansu. In farashi ya faɗi ƙasa da rabi, a tsaya a duba. A saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, a gwada a kan na'urar mutum kafin a biya. Soket ya shiga ba shi ne ya dace ba, kowane faifai da na'urar da aka naɗa shi dominta. Nauyi ma abin lissafi ne: faifan GPZ 19 ya haura kilo ɗaya da rabi, ba a yini da shi sai da igiyar rataya, kuma hannun da ya gaji shi ke ɗaga faifai daga ƙasa.

Shugaban Zaure: Jama'a, Allah ya ƙara basira. Tunatarwa ce a kan ƙa'idar zaure. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan ƙasar nan a hannun gwamnatin tarayya, neman zinare ko haƙarsa sai da lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai, ko a ƙarƙashin ƙungiyar masu haƙa da ke da rajista. A nemi izinin mai gona da na mai unguwa ko dagaci. Wuraren tarihi irin Nok, Turunku da Kufena ba wurin gwada faifai ba ne, dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana tono a irinsu ba da izini ba. Dajin Birnin Gwari kuma kowa ya san halin da aka shiga, kada kowa ya shiga sai ya ji daga mutanen gari da jami'an tsaro. Duk ramin da aka tona a cike shi saboda dabbobi da yara.

Ɗan Rigasa: Na gode ƙwarai, iyayena. Na fahimta zan fara da saiti da gwajin dalma, sannan in nemi ƙarami. Tambaya ta ƙarshe: tsakanin mai inci 6 da mai inci 10 da 5, wanne? Kuma garin zinaren da ake samu a wanki, ƙaramin zai ji shi?

Malama Mai Ilimin Duwatsu: Garin zinare babu faifan da ke jin sa, ko an tara shi a kwalba da ƙyar ne, domin kowace ƙwaya daban na'ura ke ɗaukarta. Wannan aikin kwanon wanki ne. Haka duwatsu masu daraja na wajen ƙaramar hukumar Jama'a, ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta san da su ba. Abin da ƙaramin faifai zai yi maka a ƙorama shi ne ya nuna inda baƙin yashi ya taru, nan ne kuma ya cancanci a ɗebo a wanke.

Malam Injiniya: In wurin duwatsu ne da tsagogi da tulin farin dutse, ɗauki mai inci 6, ya fi shiga lungu kuma ya fi jin mafi ƙanƙanta. In gona ce mai kunya-kunya da kututturen dawa, mai inci 10 da 5 ya fi, tsawonsa na cinye fili kusan kamar na asali, sirantarsa na bi tsakanin kara da cikin kwarin kunya. Mai inci 11 ɗin kada ka sayar, shi za ka mayar in ka sauka jigawa ko bakin kogi. Ka sayi ƙarin sandar ƙasa guda ɗaya, kowane faifai ya zauna a kan tasa da notinsa, sauyawa ba za ta ɗauke ka minti biyu ba kuma kunnuwan za su daɗe.